Motar da ke son kwanar hagu tana ƙin ta dama: amsa kan ɗora mota a sikeli huɗu

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: yana da BMW E46 mai silinda shida da yake shiga filin tsere da ita. Ya cire shokazoba da sifirin ɗin kamfani ya saka koyiloba, wato shokazoba da sifirin masu zoben da ake murɗawa don ɗaga mota ko sauke ta, ya sauke motar ƙasa. Tun daga ranar, in ya shiga kwanar hagu da gudu sai bayanta ya nemi kwashewa, in kuwa kwanar dama ce sai ta yi taurin kai, hancinta ya riƙa neman fita waje. Ya yi alaimen sau biyu, ya yi balansin taya, ba abin da ya canza. Wani ya ce masa sai an ɗora ta a kan sikeli huɗu. Yana son sanin mene ne wannan aikin, kuma ko sikelin da ake auna mutum zai iya yi.

Ɗan'uwa, wanda ya ba ka shawarar nan ya san abin da yake faɗa, kuma alamun da ka lissafa sun yi daidai da motar da nauyinta ya karkace a gicciye. Amma kafin mu shiga, cire balansin taya daga ranka. Wancan darma ake manna wa ƙarfen taya don kada ta yi rawa in tana juyawa, ba ruwansa da wannan maganar ko kaɗan.

Ka taɓa ganin tukunya tana rawa a kan murhu? Ba ka taɓa ba, domin duwatsun murhu uku ne, kuma abu mai ƙafa uku ko a kan gargada ka ajiye shi, kowace ƙafa sai ta ɗauki rabonta. Teburin mai shayi kuwa ƙafa huɗu gare shi, shi ya sa kullum za ka ga an naɗe kwali an cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya. In ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ita da wadda ke kallonta a gicciye su ne za su ɗauke nauyin teburin, sauran biyun kuma su yi ta lilo. Motarka tebur ce mai ƙafa huɗu. Abin da ya ɓoye maka matsalar shi ne ƙafafunta sifirin ne, suna miƙewa suna lotsawa, don haka duk tayoyin suna taɓa ƙasa, ido ba zai ga komai ba. Kana iya ɗaukar awo da tef ka tarar tsayin ɓangarorin huɗu ya yi daidai, alhali taya biyu na gicciye suna ɗauke da kaya fiye da sauran biyun. Ranar da bakanikenka ya murɗa zobban koyilobar nan da ido da tef, ranar ce ƙafar teburin ta ƙara tsawo.

Sikeli huɗun da ake magana faifai ne na ƙarfe masu na'urar awo a ciki, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, duk a haɗe da allo guda mai nuna lambobi. Na kamfanonin Longacre da Intercomp na Amurka su ne aka fi gani a garejin 'yan tsere. Bari in ƙirƙiro maka misali da lambobi masu sauƙin lissafi. A ce motar da direba a ciki ta kai kilo 1,600, allon kuma ya nuna haka: gaban hagu 440, gaban dama 370, bayan hagu 390, bayan dama 400.

Wanda bai san aikin ba yana ganin wannan zai ce a yi ta murɗawa har kowace taya ta nuna 400. Ba zai yiwu ba, ko kwana za a yi ana murɗawa. Haɗa gaban biyu: 810. Bayan biyu: 790. Ɓangaren hagu 830, na dama 770. Waɗannan lambobin guda huɗu ba sifirin ne ya kawo su ba, inda inji da giyabos da tanki da kai kanka kuke zaune ne ya kawo su. Ɓangaren hagu ya fi nauyi domin nan sitiyarin yake, kamar sauran motocinmu tun da Najeriya ta koma bin hannun dama a 1972. Sifana ba ta sauya wannan. In kana son nauyi ya bar gaba ya koma baya, sai ka ɗauki wani abu da hannunka ka mayar da shi baya. Ita E46 ɗinka ma kamfanin ya riga ya yi wannan dabarar, shi ya sa batirinta yake cikin but ta hannun dama, nesa da direba da inji.

Abu ɗaya tak sifana ke iya canzawa, shi ne rabon gicciye. Haɗa gaban dama da bayan hagu: 370 da 390, ya ba ka 760. Raba shi da 1,600, ka samu kashi 47.5 cikin ɗari. Ɗaya gicciyen, wato gaban hagu da bayan dama, yana ɗauke da 840. Abin da ake nema ga motar da za ta riƙa kwana hagu da dama shi ne kashi 50, wato 800 da 800. In ka ɗaga zoben sifirin na wata taya, nauyi zai ƙaru a kanta da kan abokiyar gicciyenta, ya ragu a kan sauran biyun, kuma kusan da adadi ɗaya. To a misalinmu kilo 20 ake so ya ƙaru a kan kowace daga cikin marasa nauyin, kilo 20 ya ragu a kan kowace daga cikin masu nauyin. In an gama, allon zai nuna gaban hagu 420, gaban dama 390, bayan hagu 410, bayan dama 380. Sake haɗawa ka gani: gaba yana nan 810, hagu yana nan 830, ba abin da ya motsa. Lambobin huɗu ba su zama ɗaya ba, amma motar ta daidaita.

Yanzu me ya sa wannan ɗan bambancin ke sa mota ta zama mai fuska biyu? Dalilin yana cikin halin taya. In ka ninka nauyin da ke kan taya, riƙon da take yi wa kwalta yana ƙaruwa, amma ba ya ninkuwa. Saboda haka tayoyi biyu masu ɗauke da kaya daidai wa daida sun fi riƙe ƙasa a kan biyun da ɗaya ta sha kaya ɗaya ke shawagi, ko da jimillar nauyinsu ɗaya ce. In ka shiga kwanar dama, nauyi yana zubowa hagu. A motar misalinmu gaban hagu tun asali ya fi kowa kaya, ga ƙari ya zo masa, gaban dama kuma tun asali bai da komai, ga shi an ƙara sauke masa. Gaba ya rasa riƙo, sai hanci ya wuce waje kana murɗa sitiyari tana ƙi. A kwanar hagu abin juyewa yake yi. Nauyi ya zubo dama, gaban dama da ke da sarari ya karɓa, gaban ya daidaita ya kama ƙasa da kyau, amma bayan dama da ke ɗauke da kaya tun farko sai ya cika ya batse, bayan motar ya nemi wuce gabanta. Abin da ka bayyana ke nan, shi ya sa nake zargin gicciyenka na gaban dama da bayan hagu ya gaza kashi 50. Ina kuma tsammanin in ka taka birki da ƙarfi a miƙe, na'urar hana taya kullewa tana saurin shigowa, domin tayar gaban da ba ta da nauyi ita ke fara neman jan ƙasa.

'Yan tseren NASCAR a Amurka da gangan suke karkatar da wannan rabon, tunda a filaye irin Daytona kwanar hagu kawai ake yi daga farko har ƙarshe. An daɗe ana ganin ma'aikaci ya zura doguwar sifana ta gilashin baya a lokacin canjin taya, ya murɗa sau ɗaya ko rabi, motar ta fita da wani halin daban. A motocin IndyCar ma, wani tseren na Amurka, direba ne da kansa yake matsar da nauyin gicciye daga kan sitiyari yana cikin gudu. Su suna da dalili. Kai da za ka juya ko'ina, 50 kake nema.

Murɗa zoben ba wani aiki ba ne, yaron gareji ma zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne shirin da ake yi kafin a yarda da lambar da allon ya nuna, kuma nan ne mafi yawan mutane ke ɓata rana guda su tashi da mota mafi muni a kan yadda suka kawo ta.

Fara da daɓe. Dole saman sikelin huɗu su kasance a shimfiɗe ɗaya. Ba lallai ne daɓen garejin ya zama marar gangare ko kaɗan ba, amma kada kusurwa ɗaya ta fi sauran tudu ko kwari, domin tudun milimita biyar a ƙarƙashin taya ɗaya daidai yake da ka ɗaga wannan tayar milimita biyar da sifana. Da sifirin masu tauri irin na koyiloba, wannan kaɗai na iya karkatar da awonka kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Ba sai ka sayi na'urar leza ba. Tiyon roba mai haske da magina ke cika wa ruwa su ɗauki lebul ya isa, in dai za ka yi haƙuri ka kori kumfar iskar da ke ciki. Ka auna kusurwa huɗun, wadda ta yi ƙasa ka cike ta da tayil ɗin roba na daɓe, ɗaya bisa ɗaya, sannan ka zana wa kowane sikeli gurbinsa da alli don gobe.

Na taɓa cin wannan wuyar da kaina. A wani garejin aro na yi wa mota aikin yamma guda, na tashi da 50.0 cif a kan allo ina ta jin daɗi. Washegari mai motar ya zagaya fili sau uku ya dawo ya ce ta fi jiya lalacewa. Muka koma, na matsar da sikelin zuwa wani ɓangaren daɓen na sake ɗora motar, sai allon ya nuna kusan 52. Ashe akwai magudanar ruwa a kusurwar ɗakin, daɓen ya zurma wajenta ta yadda ido ba ya gani. Daɓen na daidaita, ba motar ba. Tun ranar ban ƙara ɗora mota ba sai na ɗauki lebul da hannuna, ko da mai wurin ya rantse mini.

Sai sitabilaiza, sandar ƙarfen nan da ke haɗa hagu da dama. Kwance linkeji, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ta da ƙafar mota, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kafin ka karanta komai. Ita ma sifirin ce, kuma in tana ɗaure a murɗe za ta riƙa tura nauyi daga wannan taya zuwa waccan, kai kuma kana ta faɗa da ita ba ka sani ba. In an gama aiki, motar tana kan sikeli da direba a ciki, sai ka mayar da linkejin. Dole kusar ta shige ramin da yatsa, ba da guduma ko ƙarfen banɓara ba. In ba ta shiga, tsawon linkejin ne za a gyara, shi ya sa ake sayen linkeji masu zare. Ka kalli allon kafin ka ɗaura da bayan ka ɗaura. In lambobin sun motsa fiye da kilo ɗaya ko biyu, sake kwancewa.

Direba ya zauna a kujerarsa da hular kwano, ko a auna shi a jera buhunan yashi masu nauyinsa, wasu a kan kujera, kaɗan a inda ƙafafunsa ke zama. Mai a tanki ya zama kamar yadda ake shiga fili da shi, in ba ka da tsayayyen adadi ka sa rabin tanki. Litar fetur ɗaya wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ce, wato lita 40 kilo 30 ke nan, ba abin rainawa ba. Fitar da safaya da jak da duk tarkacen but in ba da su kake gudu ba. Iskar taya a geji ɗaya, kuma tayoyin su zama iri ɗaya masu ci ɗaya. In ka haɗa sabuwa da 'yar gwanjo da ta sha tafiya, tsayinsu ba ɗaya ba ne, ka sake dawo da teburin mai shayi ta ƙofar baya. Shokazoba mai maɓallin tauri a sassauta ta har ƙarshe, ka rubuta inda take don ka mayar. Sitiyari ya miƙe sak. In kana son ganin dalili, murɗa shi kaɗan motar tana kan sikeli, za ka ga lambobi suna gudu kamar mitar famfon mai.

Akwai kuma maƙalewa. Duk lokacin da ka ɗaga mota da jak ka sauke, tayoyin suna sauka a tsuke, roba ta kama faifan sikelin, ƙafafun motar ba su koma mazauninsu ba. Dole a tura ta baya kaɗan a dawo da ita, a danna gaba da baya a saki, birkin hannu a sake, giya a furi. Shi ya sa ake ajiye katako mai tsayin sikelin a bayan kowane ɗaya, don motar ta gangara kansa ta dawo. In babu, tayil biyu da giris a tsakaninsu a ƙarƙashin kowace taya yana taimakawa. Karanta allon, tura motar, sake karantawa. In karatu biyu ba su zo kusa da juna ba, kada ka taɓa sifana tukuna, akwai abin da ke cijewa. Sau da yawa bushin ɗin roba ne da aka ɗaure kusarsa motar tana rataye a sama. Irin wannan bushin ɗin yana zama a murɗe in an sauke motar, musamman wadda aka rage wa tsayi kamar taka. Sassauta kusoshin, motar tana tsaye a kan tayoyinta, ka sake ɗaurewa.

In duk wannan ya kammala, fara da tsayin motar, ka kai shi inda kake so gaba da baya. Sannan rabon gicciye. Kuskuren da aka saba yi shi ne a tsaya a kan taya ɗaya a yi ta ɗaga ta har lamba ta cika. Lambar za ta cika, amma motar ta karkace. Ga lissafin: in taurin kowace ƙafa a wajen taya ya kai kamar kilo 6 a kowace milimita, ɗaga taya ɗaya da milimita ɗaya yana motsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ne kawai a kowace kusurwa, wato kilo ɗaya da rabi, domin sifirin huɗun ne ke raba abin. Kilo 20 ɗinmu zai ci milimita 13 ko fiye a kusurwa guda. Raba shi huɗu: ɗaga gaban dama da bayan hagu da milimita uku ko huɗu, sauke gaban hagu da bayan dama da irin wannan. Rabon ya gyaru, tsayin motar bai tafi ko'ina ba.

Kula da bayan E46. Sifirin ɗinta na baya ba a jikin shokazoba yake ba, yana zaune a kan hannun ƙarfe can ciki, don haka milimita ɗaya a zobensa tana ba da fiye da milimita ɗaya a wajen taya, saɓanin gaba inda kusan ɗaya suke. Kada ka ƙirga murɗi ɗaya a gaba daidai da murɗi ɗaya a baya. Abin da nake yi shi ne in ɗiga fenti a kan kowane zobe, in yi murɗi ɗaya cikakke, in sauke, in tura, in karanta, in rubuta. Daga nan na san kilo nawa murɗi ɗaya ke bayarwa a wannan motar, sauran kuma lissafi ne. Ɗaga nauyin daga kan tayar kafin ka murɗa, ka kuma wanke zaren da buroshi, don ƙurar hunturu in ta haɗu da giris tana cinye zoben alminiyon.

Kada ka bi lamba har ta haukata ka. Tsakanin 49.5 da 50.5 ya wadatar ga mai shiga fili ƙarshen mako. Na ga masu ɓata awa biyu suna neman 50.0, alhali in direban ya ci tuwo ya sha ruwa, ko ya jingina gefe ɗaya, lambar ta canza. Daga nan sai alaimen, kuma dole ne, domin canjin tsayi yana taɓa tsayuwar tayoyi. Alaimen biyun da ka yi a baya ba asara ba ce gaba ɗaya, amma sai an sake. In an canza abu mai yawa wajen alaimen ɗin, a sake hawa sikeli a duba.

Batun sikelin auna mutum, a'a. Yawancinsu ba sa wuce kilo 150 zuwa 180, tayarka ɗaya kuwa tana ɗauke da wajen 400. Akwai masu dabarar ɗora katako a matsayin maɗaga don sikelin ya ɗauki rabi ko sulusi, amma kowane kuskure ninkuwa yake yi, ga katakon yana lanƙwasa, ga sikelin huɗun ba bakinsu ɗaya ba. Kana neman bambancin kilo biyar da kayan da ke ƙaryar kilo goma. Babban sikelin dandamali na masu auna buhuna, mai ɗaukar kilo 500 ko fiye, ya fi wannan dama. Da guda ɗaya ma ana iya yi, in ka yanka katako uku masu tsayinsa daidai ka riƙa zagayawa da shi taya bayan taya. Sai dai ka duba ko dandamalin yana lotsawa in kaya ya hau, domin in ya sauka milimita uku, tayar da kake aunawa ta zama gajeriyar ƙafa a daidai lokacin da kake auna ta, kullum za ta nuna ƙasa da gaskiya. Kowane karatu ɗaya kuma ɗagawa huɗu ne da saukewa huɗu. Ni dai shawarata, ku da kuke shiga fili tare ku haɗa kuɗi ku sayi na gaske saiti ɗaya, tunda ba kullum ake hawansa ba.

Ga mai motar gida da ke kan sifirin ɗin kamfani, wannan duk bai shafe shi ba. Ba zoben da zai murɗa, sifirin ɗinsa masu laushi ne suna shanye ɗan bambancin, kuma fasinja ɗaya a baya ya rushe lissafin. Kai da ka saka masu tauri ne abin ya zama wajibi a kanka, don iya taurin sifirin, iya yadda ƙaramin kuskure ke zama babba.

Abu na ƙarshe da sikelin zai gaya maka, wanda ba kowa ke son ji ba. In ka tarar sai zoben hagu ya fi na dama tsayi da santimita ɗaya da rabi ko biyu kafin rabon ya zo 50, tsaya. Ba saiti ba ne matsalar, akwai abin da ya lanƙwashe ko ya gaji. Motoci da yawa da ake shigowa da su sun taɓa haɗari an miƙe su kafin su iso hannunmu. Ciro sifirin biyun ka jera su a ƙasa ka ga ko tsawonsu ɗaya, ka duba lambar taurin da aka buga a jikinsu ko an haɗa maka iri biyu, ka gwada shokazoba ko ɗaya ta mutu, ka duba hannayen ƙarfe. Tunda kuma E46 ce, sa fitila ka leƙa ƙarƙashin but, inda gadon ƙafafun baya ke ɗaure da jikin motar. Wurin ya yi suna wajen tsagewa, kuma in ya tsage, a kai ta wajen mai walda kafin ta sake ganin sikeli.